Buhunan Aro

Asabar, 1 ga Fabrairu, 2025

Mas'uda ta kafa teburinta a shagona yau. Ƙanwar da na goya, amma tun da ta zama akanta a Sakkwato take ba ni umarni kamar ita ce babba. Wai duk Asabar za ta riƙa zuwa Tambuwal har ƙarshen Maris, tana taya masu ƙananan sana'o'i shirya takardun haraji kafin wa'adi ya cika. Na tambaye ta me ya sa sai shagon hotona. Ta ce ai nan ne babu hayaniya. Na gane abin da take nufi, ita ma ta san na gane.

Mutane sun zo fiye da yadda na zata. Teloli, mai shayin bakin tasha, mata masu ƙuliƙuli, wani mai gyaran babur da ya kawo takardunsa cikin ledar burodi. Maganarta ɗaya ce, har na haddace. Haraji kan riba ake biya, ba kan jari ba. Kuɗin shago daban, kuɗin cefane daban. Duk abin da ka saya ka karɓi rasit, ka ɗauki hotonsa, don tawadar gogewa take yi. In ka biya, kada ka bar wurin sai an ba ka shaida a hannu.

Ni aka ba aikin ɗaukar hoton rasit. Ni Mannir, da rabin auren garin nan ta gaban kyamarata ya wuce, yau ni ne mai ɗaukar takardar sukari da madara.

Da za ta tafi ta ce, "Yaya, naka takardun fa?" Na ce nawa a shirye suke. Ni dai duk shekara abin da suka yanka mini nake biya, ba na jayayya. Mai shago a bakin titi ba ya zuwa ofis yana kukan babu.

Talata, 4 ga Fabrairu

Fasfo ɗaya tal. Da la'asar wata budurwa ta shigo, ta tsaya gaban labulena mai zanen bene da furanni, ta ɗauki kanta da wayarta, ta yi godiya ta fita. Har tukunyar fulawar da nake rufe inda ɓera ya ci labulen ta gyara wa zama.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Ɗan'iya ya zo daga Kebbe. Ɗan kawunmu, abokin wasana tun muna yawo ba takalmi, babban mai hatsi a kasuwarsu. Tun daga ƙofa ya fara: wai har yanzu ina yi wa munana ƙarya? Na ce in shi ne ya zauna, sai na yini ina aiki kafin ya yi kama da mutane. Ya taɓa zanen da na lulluɓe babban injina na wanke hoto da shi, ya tambaya ko gawa ce. Na ce ina jiran kayan gyara daga Kano. Tun bara nake jiransu, a baki dai.

Bai matso teburin ba sai da kowa ya watse. Sannan ya zaro takarda daga aljihu. Ofishin haraji ne suka yi masa ƙiyasi bisa shekarun baya, lokacin da shagonsa ke cike. Mas'uda ta tambaye shi yadda kasuwa ta kasance bara. Ya ce alhamdu lillahi. Ta sake tambaya, ya sake cewa alhamdu lillahi. Sai ta ajiye biro ta ce, "Yaya Ɗan'iya, takardar ga ba ta da wurin da aka rubuta alhamdu lillahi. Riba ko asara?"

Nan ya faɗa mana, idonsa a ƙasa. A tsakiyar daminar bara bangon bayan shagon ya faɗi, ruwa ya shiga. Hatsinsa duk ya ruɓe, har da wanda manoman Fakku ke ajiyewa wurinsa ya sayar musu in farashi ya tashi. Ya sayar da shanun da yake kiwo, ya sayo wani hatsin ya mayar musu a ɓoye, kowa ya karɓi nasa bai ji komai ba. Abin da ya rage masa ɗan kaɗan ne, da shi yake so ya sake tashi. In ya biya abin da ke takardar, wannan ma ya tafi, sai rufe shago.

Mas'uda ta ce doka ba ta neman haraji a kan asara. Za ta rubuta musu cewa bai yarda da ƙiyasin ba, amma sai da hujja: shaidar sarkin kasuwa, da hoton shagon. Ta ce ni zan je in ɗauko. Ya amince da hoton, maganar sarkin kasuwa kuma ya ce a dakata. Tsoronsa kada labari ya kai Fakku. Wa zai sake ba da ajiyar hatsi a ɗakin da ruwa ya taɓa shiga, wurin mutumin da ya karye?

Abin ya yi mini zafi. Na je Kebbe bikin suna bayan damina, ya yanka mini kaza, muka yi ta dariya. Ko a fuska ban gani ba, ni da nake taƙama da sanin fuska.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Kebbe. Hanyar nan sai dai haƙuri, na rungume jakar kyamara a bayan ɗan acaɓa har hannuna ya sage.

Na iske shago an share, an yayyafa ruwa. Buhuna jere har kusa da rufi. Ɗan'iya cikin babbar rigar shadda, hula sabuwa, sai ƙamshin turare yake. Na ce ina ce ruwa ya cinye komai? Ya yi dariya ya ce na Ɗangiwa ne, maƙwabcinsa na kasuwa, ya aro su na yini ɗaya, ya ce masa baƙi zai yi. Inda bangon ya faɗi an kafa zana, an rataya sabuwar tabarma a kai.

"Hoton da za shi gaban hukuma, a gan ni cikin kango?" in ji shi. "Mutane nika hulɗa da su, Mannir."

Ni kuwa ban ga aibun maganar ba. Gaskiya ma daɗi na ji. Hasken hantsi yana shigowa ta ƙofa daidai yadda nake so. Na sa aka buɗe bakin buhu biyu, gero da dawa, na ba shi mudu ya riƙe, na juya shi har kafaɗarsa ta rufe gefen zanar. Na ce ya ɗaga haɓa. Rabon da hannuna ya yi aiki irin na yau har na manta. Muka ci tuwon shinkafa, na kamo hanya ina jin kaina.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Na wanke su a ƙaramin injin. Sun fito. Ɗaya na sa a firam na kai gida, Hamdiya ta ajiye tsintsiya ta duba, ta ce kai, Ɗan'iya ya ƙara arziki. Na ce hannun mijinki ne.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na jera mata hotunan a tebur ina jiran yabo. Mas'uda ta daɗe tana kallo. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Yaya, in na kai wanga, ninka mai za su yi."

Na ce hoto ba ya ƙarya. Ta ce hoton bai yi ba, mu muka yi. Mutum ya zo neman a yarda ya yi asara, mun kai shi ofis da shago cike da riga ta dubbai. Ta lissafa abin da take so: bangon da ya faɗi, alamar ruwa a jikin gini, ragowar hatsin da ya ruɓe in akwai, daɓen da ba kowa a kai, da kwanan wata a jikin hoton. Na ce wannan ba hoto ba ne, tonon asiri ne. Aikina shi ne mutum ya fito yadda zai so jikokinsa su gan shi. Sai ta ce da ta sani da ta sa wani ya ɗauka da waya, da ya fi amfani.

Na fita na bar mata shagon. Na zauna wurin mai shayi har ta tafi.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Ban buɗe shago ba.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Bayan an sauko daga masallaci na kira Ɗan'iya na faɗa masa hotunan ba su yi ba, sai an sake, wannan karon ba aro. Ya ce gara ya biya. Na ce da me? Ya ce Allah na nan. Ya ambaci Malam Tambaya, dattijon da mutanen Fakku ke bi, wanda tun zamanin Kawu yake kawo hatsi shagon. Ya ce ba zai iya haɗa ido da shi a matsayin karyayye ba. Ko wasa bai yi mini ba, ya kashe waya.

Na dawo gida na rasa abin yi, na jawo akwatin tsofaffin hotuna. Ban san me nake nema ba sai da na rasa shi. Inna nake nema. Tana nan, har wuri uku, cikin mayafin da na aro mata, zaune gaban benen labulena, ta ɗaure fuska kamar an kira ta kotu. Wannan ba Innar da na sani ba ce. Tawa tana bakin murhu, ɗankwali ya zame, tana zagina tana dariya. Ina da kyamara a wuya duk shekarun nan, ban taɓa ɗaukar waccan ba, don kullum sai in ce ta bari ta shirya. Yanzu ba inda zan same ta.

Hamdiya ta shigo ta same ni haka. Ta ajiye mini fura ta fita.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Mun gaisa da Mas'uda sama-sama. Ta ce lokacin da aka ba shi ya mayar da amsa ya kusa ƙarewa, in mako mai zuwa ya wuce ba hoto, ƙiyasin ya zauna. Ta ce in gaya masa hotunan fayil za su shiga, ba bango za a liƙa su ba. Ni na ɓata, ni zan gyara.

Ta sake tambayar nawa takardun. Na yi kamar ina goge gilashin kyamara.

Talata, 25 ga Fabrairu

Na zaga tasha da kyamara, ina gwada ɗaukar mutane ba tare da na ce su shirya ba. Wuya gare shi. Bakina sai ƙaiƙayi yake in ce a gyara hula, a kawar da bokiti. Yawancinsu shirme ne. Ɗaya dai, na mai shayi yana ɗaga kofi sama yana tsiyayawa, da tsumman goge tebur a kafaɗa, na daɗe ina kallonsa. Shi ne sak.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Na koma Kebbe ban sanar da shi ba, don kada a sake tashin Ɗangiwa.

Na same shi zaune a kan buhun da ba komai ciki, cikin tsohuwar riga, yana ɗinke wani. Shagon wayam, muryarmu har dawowa take yi. Da ya gan ni da jaka ya ɓata rai, ya ce na zo tona masa asiri ke nan, ni da ya kamata in rufa. Na nemi wuri na zauna. Can na ce, "Ɗan'iya, in ka biya, da mi za ka sayi hatsi bana?"

Ya ci gaba da ɗinki har ya kai ƙarshen buhun, ya ciji zaren. Sannan ya tashi da kansa ya sauke tabarmar, ya kwance zanar.

Ban zaci abin ya kai haka ba. Rabin bango babu. Wanda ya rage da baƙin layi a jiki daidai ƙugu, inda ruwa ya tsaya. A baya ga tarin gero ya daskare ya yi baƙi, har yanzu yana wari. Ya ce in ɗauka, amma ban da shi a ciki. Na ɗauka. Hannuna ya kai ga wani tsohon kwano zan kawar, na tuna, na bar shi inda yake.

Ina cikin haka muka ji babur ya tsaya a ƙofa. Wani dattijo ne aka goyo, buhuna ɗaure a baya. Ɗan'iya ya yi wuf zai mayar da zanar, amma ina, an riga an shigo. Malam Tambaya ne. Ya kawo hatsin da za a sayar masa saboda azumi.

Aka gaisa, gaisuwa mai tsawo, gida da iyali da hanya, Ɗan'iya riƙe da zana a hannu bai san inda zai sa ta ba. Dattijon ya dubi bangon, ya dubi kyamarata, ya tambayi abin da ake yi. Ni na faɗa masa. Malam Tambaya ya gyaɗa kai, ya leƙa waje ya ce wa mai babur ya dakata da kwance igiya.

"Ku ƙare hotonku kahin in sauke," ya ce. "Kada buhunana su ƙara mai haraji."

Ɗan'iya ya ce, Baba, da ma kun sani? Dattijon ya ce tun ranar da bangon ya faɗi labari ya kai Fakku. Kuma da aka mayar musu da hatsi kowa ya ga ba ɗinkin buhunsa ba ne. Shanun ma surukin wani ɗan garinsu ne ya saya.

"Kai ka yi shiru, mu ma munka yi shiru, don kada mu ba ka kunya. Mutumin da yas saida shanunai don hatsinmu, wurin wa za mu kai in ba shi ba?"

Ɗan'iya ya juya ya fuskanci bangon nan nasa, kafaɗunsa na rawa. Dattijon ya dafa shi, yana kallon waje kamar bai ga komai ba. Kyamarar na hannuna. Ban ce kowa ya shirya ba, na danna.

Daga nan mu uku muka tafi wurin sarkin kasuwa. Shi ma ya sani. Ya ce ai yaransa ne suka taya kwashe ruwan ta baya, ya ba da shaida ba tare da wata tambaya ba. Da alama duk Kebbe da Fakku ni kaɗai ne ban sani ba.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi. Na miƙa wa Mas'uda sababbin hotunan, munana, ba wanda zan so a ce ni na ɗauka. Ta duba ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa da shaidar sarkin kasuwa da takardar da ta rubuta, ta ce Litinin za ta kai. Ta ce, "Sannu, Yaya." A bakinta wannan babban yabo ne.

Na ƙarshen ban ba ta ba. Ba na ofis ba ne.

Laraba, 19 ga Maris

Ɗan'iya ya kira. An turo ma'aikaci ya ga shagon da idonsa, an sake lissafi, abin da zai biya yanzu bai fi ƙarfinsa ba. Shago ya tsira. Ya ce an fara buga tubali, bayan salla za a ta da bangon. Muryarsa ta dawo, don har ya ce ashe in na daina ƙarya ina da ɗan amfani.

Ya ce wancan na firam, mai buhunan aro, in ajiye masa, in ya mutu shi za a nuna wa jikoki. Muka yi dariya. Har zan kashe sai ya rage murya ya ce ya ji ƙarar kyamara ranar, lokacin da ya juya baya. Na ce kuskure ne, hannuna ne ya taɓa. Ya ce to kuskuren nan in wanko masa ƙarami, daidai aljihu.

Asabar, 22 ga Maris

Na riga Mas'uda zuwa. Hasken safe ya yi kyau, sai na ce bari in gwada gilashin nan, kwanan nan kamar yana hazo. Gwaji ne kawai.

Ban yi shara ba, da azumi wa ke da ƙarfi. Na ɗauki bencin da ba kowa a kai. Na yaye zanen babban injin na ɗauke shi yadda yake, da tsatsarsa. Tukunyar fulawa ta tare mini hanya, na janye ta gefe, inda ɓera ya ci labulen ya fito a hoton. Na bar kwanan wata a jiki, don cire shi aiki ne.

Na wanke su don in ga ko gilashin lafiya. Lafiyarsa lau. Wurin ajiyewa ne ban samu ba, sai na ɗora su a teburinta.

Da ta zo ta gaishe ni, ta zauna, ta gan su. Ta duba har ƙarshe ba ta ɗago ba. Ta jawo kujerar da nake zaunar da amare ta ajiye kusa da tata, ta buɗe sabon fayil.

"Zauna, Yaya. Mu fara daga Janairun bara."

Na zauna. Da ma ƙafafuna sun gaji da tsayuwa.